Mushe, Mu Ina Tamu Fadar?

Shekarun baya kaɗan, cikin watan Afrilu ana tsakar zafin bazara, wani abokina da muka yi makarantar horon malamai ta Dosso tare ya turo mini hoto ta WhatsApp. A lokacin yana Japan, an kai su wani kwas na ƴan makonni kan tafiyar da makarantu. A hoton akwai wata fada fara fat, hawa bisa hawa a kan tudu, itatuwa sun kewaye ta, kowanne ya lulluɓe da fure. Can ƙasa a gefe kuma ga ƴan makaranta cikin layi, kowa da hularsa da ɗan littafi a hannu, malamarsu tana nuna musu wani abu a jikin bango.

Ya ce mini fadar Himeji ke nan. An gama babban gininta a 1609, ta tsira daga bama-baman yaƙin 1945, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1993. Saboda farinta suke yi mata laƙabi da wata farar tsuntsuwa irin balbelarmu. Itatuwan kuwa sakura suke kiransu. Furensu bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba yake zubewa, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, shi ya sa mutane ke baro garuruwansu su zo su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu kafin ya wuce.

Washegari na shiga ajina na CM1, na zagaya da wayar tebur-tebur don yara su gani. Suna ta mamaki, wannan ya ce gidan sarki ne, wancan ya ce masallaci ne. Sai wani ɗan ƙaramin yaro da nake zaunarwa gaba saboda ciwon ido ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, mu ina tamu fadar?"

Na ce masa akwai fadar Sarkin Damagaram a Zinder, akwai ta Zarmakoy a Dosso, ga kuma masallacin Agadas mai doguwar hasumiya. Ya ce, "A'a Mushe, tamu ta nan."

Na ɗan yi shiru, sannan na juya tambayar. Na ce wa ya san Sarauniya Mangu? Wata ta ce gidan rediyo ne a Yamai. Wani ya ce fim ne, yayansa yana da shi a waya. Biyu kaɗai suka ce mace ce da ta yi yaƙi da Nasara. Da na tambayi inda aka yi yaƙin, ɗaya ya ce Mali. Alhali Lugu tana nan cikin gundumar Dankassari, wanda ya yi sammako daga Matankari da babur zai je ya dawo rana ba ta faɗi ba.

Ban yi musu faɗa ba, don wanda ya fi cancantar faɗan ni ne. A Matankari aka haife ni, na haura shekara arba'in, na kusa shekara ashirin da alli a hannu. Kowace shekara ina rubuta darasin Sarauniya a allo da Faransanci, yara su kwafa, su haddace, su zuba mini a takardar jarrabawa. Amma ƙafata ba ta taɓa taka Lugu ba. A gidanmu ba a ambaton garin sai an rage murya. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, cewa take yi garin arna ne, babu abin da zai kai ɗan Musulmi can. Na girma da wannan, na yi boko a kansa, ban taɓa zama na tambayi kaina ba.

Da aka koma makaranta a Oktoba, aka bar mini yaran nan muka hau CM2 tare. Sai na kai maganar tafiya gaban kwamitin kula da makaranta, wanda muke kira COGES. Abin dariya, shi kansa wannan tsari na zaman iyaye da malamai da taimakon Japanawa ya yi ƙarfi a ƙasarmu, ta shirin da hukumarsu JICA ta soma a jihar Tawa a 2004. Na yi zaton matsalar kuɗi ce za ta tsayar da mu. Ashe ba ita ba ce.

Wani Alhaji, mutum mai mutunci wanda bai taɓa fashin taron iyaye ba, ya gyara zama ya ce, "Mushe, mun ba ka ɗiyanmu ka koya musu boko, ba mu ba ka su ka kai su wurin tsafi ba. In yaro ya ga ana tambayar dutse ya dawo ya tambaye ni, mi zan ce mishi?"

Dutsen da yake nufi shi ne Tunguma, wanda ke kusa da Lugu, inda masu al'adar gargajiya ke kai ƙara da neman sanin abin da ya ɓuya. Kowa a wurin ya gane. Wuri ya yi tsit, na ga wasu iyayen suna gyaɗa kai.

Ina son ƴan'uwana malamai su tsaya a nan. Da yawanmu idan muka ji irin wannan magana sai mu ce jahilci ne, mu fita muna gunaguni. Ni ban ga jahilci a ciki ba. Uba ne yake tsoron a taɓa imanin ɗansa, kuma ranar gobe shi za a tambaya kafin a tambaye ni. Abin da na ce masa shi ne, "Alhaji, gaskiyarka. Amma yaran nan za su ji labarin ko mun so ko mun ƙi, a waya ko a bakin abokai. Gara su ji shi muna tsaye kusa da su." Limamin unguwarmu, wanda shi ma yana cikin kwamitin, ya ƙara da cewa addini da kansa ya yi umurni a yi tafiya a ga yadda na farko suka ƙare, kuma jin labarin mutum daban, bin tafarkinsa daban.

Sai da muka yi zama biyu kafin aka daidaita, bisa sharaɗi huɗu. Ba za a je wurin Tunguma ba. Yara za su ci guzurinsu na gida kawai. Iyaye biyu za su bi mu, namiji da mace. Kuma a dawo kafin magariba. Kowane yaro ya kawo dala ɗari, kwamiti ya cika kuɗin mai. Na nemi izinin sufeto, na aika wa masu garuruwan da za mu sauka tun da mako guda. Cikin yara 47, 29 aka bari. Namijin da ya ce zai bi mu kuwa Alhaji ne da kansa. Ya ce ido wa ka raina, wanda yake gani kullum. Shi sai ya gani da nasa.

Cikin waɗanda aka hana har da yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Na je har gida na gai da mahaifinta, ya karɓe ni da mutunci, ya ce a'a. Ban matsa ba, ɗiyarsa ce. Amma ranar tafiyar na hango ta a bakin zaurensu tana kallon motocin, kuma wannan kallon bai bar ni ba har yau.

Wata Asabar ta ƙarshen Nuwamba muka tashi, cikin motoci biyu na kasuwa, sanyin hunturu ya fara shigowa. An gama girbi, gonaki sai kara da rumbuna, shanu suna kiwo a ciki. Sabara da kalgo sun fara yin ƙura. Amma duk inda ka duba cikin kwarin dallol, gawo ya yi kore shar, kuma ya yi fure. Na sa direba ya tsaya ƙarƙashin wani babba.

Ban san ko mai karatu ya taɓa tsayawa ya dubi furen gawo ba. Ni dai sai ranar. Ƴan zangarniyoyi ne sirara, fari mai ratsin rawaya, da ƙamshi mai sanyi, ƙudan zuma suna ta kai da kawo har kana jin gunjinsu daga ƙasa. Na tambayi yara me ya sa shi kaɗai yake kore alhali ruwa ya ɗauke. Wani ɗan manomi ya ce babansa ya ce gawo gardama gare shi, da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Wani ya ce hatsin gindin gawo ya fi na ko'ina zangarniya. Daga nan darasi ya ɗauko kansa: saiwarsa tana nitsewa har ta kai ruwan ƙasa, ganyen da ya zubar yana zama taki, rashin inuwarsa da damina yana barin hatsi ya sami rana, ƴaƴansa kuma su riƙe awaki a lokacin da babu ciyawa. Na sha koyar da wannan a allo, ban taɓa ganin ya shiga kamar ranar ba. Na ce musu mutanen cikin hoton nan jirgin ƙasa suke hawa don su je su zauna ƙarƙashin fure, mu ga namu a hanyar gona muna wucewa kanmu a sunkuye.

Zangonmu na farko Bagaji ne, garin Baura. Dattawa suka shimfiɗa mana tabarmi, ɗayansu ya ba yara labarin kamar yadda ya gada. Ya ce Sarauniya ta farko daga Daura ta taso, ta sauka Lugu tun ƙasar nan tana daji. Daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo, aka ba shi ɗiyar Baura, ta haifi Akazama, wanda daga gare shi sarautar Arewa ta samo tushe. Ya ce sunan Arewa ma daga Ari yake. Yana magana wata yarinya tana ta kallon fuskarsa, can ta raɗa wa ƙawarta cewa askarsa irin ta kakarta ce, daga gefen baki zuwa kunne. Dattijon ya ji, ya yi dariya ya ce, "To ai kakarki ƴar'uwata ce, ɗiyata." Ni kuma na ƙara musu da abin da na karanta, cewa garinmu Matankari shi ne mazaunin Sarkin Arewa kafin Nasara su mayar da cibiyar mulki Dogondutsi a farkon ƙarni na 20. Yaran suka dubi juna. Ba su taɓa jin cewa garinsu ya taɓa zama gaba da Dutsi ba.

Da hantsi ya ɗaga muka isa Lugu. Bukkoki ne da rumbuna da ƴan ɗakunan ƙasa, tuddai na jan dutse a bayansu, awaki suna yawo. Yara suka sauka suna waige-waige. Ɗan nan nawa mai ciwon ido ya ja mini riga ya ce, "Mushe, ina fadar?"

Gaskiya ni ma gwiwata ta yi sanyi. A kaina akwai ganuwa mai tsawo da ƙofofi, irin wadda na gani a fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Na manta cewa a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma daga littafin ƙagaggen labari na Abdoulaye Mamani na 1980 aka ciro shi. Na fara lissafin abin da zan ce wa iyayen da suka biya dala ɗari.

Wani tsoho da aka wakilta ya tarbe mu ya ji tambayar yaron. Ya dogara sandarsa ya ce, "Zo in gwada maka." Ya ja mu bayan gari, ya nuna wani fili mai ƴan ƙayoyi jefi-jefi da duwatsu a bayansa. Ya ce, "Wanga wuri duk kurmi ne a da, ko akuya sai ta yi dabara take shiga. Shi ne ganuwarmu. Nasara suka zo da bindiga, mutanenmu da baka da kibiya. Da wuta ta yi yawa sai aka janye cikin kurmin, mata da yara suna can ciki tun farko. Sun ƙone garin. Da suka wuce, aka fito aka sake ɗaura bukkoki."

Na ciro takardata na karanta musu abin da littattafai suka ce. Ranar 16 ga Afrilu 1899 ce rundunar Voulet da Chanoine, wadda Faransa ta tura zuwa tafkin Cadi, ta auka wa Lugu. A lissafinsu an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun harba harsashi wajen 7,000. Tsohon ya ce shi bai san wata ko shekara ba, abin da aka gaya masa shi ne bazara ce, ruwa ya yi wuya. Sai wata yarinya ta ce, "Mushe, su waɗanda harsashin ya samu, su wa da wa?" Na duba takardata, babu suna ko ɗaya. Tsohon ne ya soma lissafa gidaje: kakan gidan wane, ƙanen kakan wane. Yara suka buɗe littattafansu suka hau rubutu ba tare da na ce su rubuta ba.

Na ci gaba da cewa rundunar ta wuce ta yi wa Birnin Konni mummunar ɓarna a watan Mayu. Labarin ta'asarsu ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu da kansu suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Tsohon ya ce, "Mu dai abin da muka sani, wanda ya taɓa garin Sarauniya bai koma gida ba." Alhaji, wanda tun da muka sauka bai ce uffan ba, ya ce, "Baba, Allah ne ya kama su. Zalunci ba ya ɗorewa." Tsohon ya ce, "To, ai ba mu yi gardama ba." Suka yi dariya su biyu.

Abin da ya fi ba yara mamaki shi ne jin cewa Sarauniya sarauta ce mai ci har yanzu, Mangu ɗaya ce cikin jerin mata da suka riƙe ta. Uwar da ta rako mu ta shiga da ƴan mata suka gaishe ta, mu maza muka tsaya daga waje. Suka fito suna cewa tsohuwa ce cikin farin zane, tana kaɗi, ta sa musu albarka ta ce su yi karatu. Tunguma kuwa ba mu je ba, alkawari kaya ne. Muka yi azahar ƙarƙashin wani gawo a bakin gari, Alhaji ya ja mu, muka ci guzuri muka kamo hanya.

Kada in yi ƙarya in ce Alhaji ya sauya ra'ayi. A mota ya ce mini har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta da garin ba, kuma ba zai bar ɗansa ya koma shi kaɗai ba. Amma ya ce, "Mutanen da suka tsaya ranar da wasu suka buɗe ƙofa, ba a ce ba a san su ba." Wannan ya ishe ni.

Ranar Litinin na ce kowa ya rubuta abin da ya gani, da Hausa ko da Faransanci, duk wanda ya fi masa sauƙi. Sannan muka raba allo uku: abin da littafi ya ce, abin da fim ya nuna, abin da tsoho ya faɗa. Muka duba inda suka haɗu da inda suka rabu, muka tambayi kanmu wa ya rubuta wannan, don wa ya rubuta. A ganina ranar ce suka fara koyon tarihi, kafin nan hadda suke yi.

Takardu 30 na karɓa, ba 29 ba. Ta talatin ta yarinyar nan ce da aka hana. Da ta ga ba za ta je ba, sai ta zauna da kakarta ta tambaye ta abin da ta ji game da zuwan Nasara nan Matankari. Tsohuwar ta ba ta abin da ita ma ta ji daga tata kakar: yadda aka ɓoye hatsi, inda aka kai yara, rijiyar da aka daina sha. Shafi uku ta cika. Ni ɗan garin, malamin tarihi, ban taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba.

Abokina ya gaya mini cewa daga 2009 zuwa 2015 Japanawa sun rufe babban ginin Himeji da rumfa, suka bi rufinsa da farin shafensa suna gyarawa. Gini yana jiran mai gyara. Tamu fadar a bakin tsofaffi take, kuma baki ba ya jira. Tsohon da ya nuna mana wurin kurmin bai ga daminar da ta biyo baya ta ƙare ba. Sunayen gidajen da ya lissafa, in ban da ƴan garinsu, suna cikin rubutun yara ƴan shekara goma sha biyu ne a kabad ɗin ajina. Ga shi kuma yanzu halin tsaro ya sa ba kowace hanya malami zai ɗauki ɗiyan mutane ya bi ba. Tafiyar da na yi ta ɗagawa shekara ashirin, da na ƙara ɗaga ta kaɗan da ban yi ta ba.

Don haka ga roƙona ga malamai. Inda hanya take da lafiya kuma hukuma ta yarda, a kai yara, ko da tsohuwar rijiyar gari ce, ko kufai, ko ƙofar fadar mai gari. A fara da iyaye, a saurari tsoronsu, a karɓi sharaɗinsu, a kuma cika shi. Inda hanya ba ta da lafiya, a gayyato tsoho cikin aji, ko a tura kowane yaro wurin kakarsa da tambaya uku. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, saboda haka babu kunya a rubuta maganar tsoho yadda ta fito daga bakinsa.

Ga iyaye kuma, ba na ce ku saki abin da kuka yi imani da shi ba. Ku zo ku bi mu kamar yadda Alhaji ya yi, ku ji abin da ake gaya wa ɗiyanku, ku gyara inda kuka ga gyara. Wanda kuma ya ga ba zai iya barin nasa ya je ba, to ya zaunar da shi kusa da tsohuwar gidan tun tana iya magana.

Bana ma gawo ya fara tofo. Na ciro takardun nan 30 na tarar gara ta ci gefen biyu, don haka na sayi babban littafi ina kwafe su da dare, ɗaya bayan ɗaya. Na fara da ta yarinyar. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuriya.